RX 580 a cikin Dell ɗan gwanjo: fawa-fak ɗin zai ɗauka kuwa?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗina. Ina da Dell OptiPlex 9020, babban akwatin ba siririn ba, ɗan gwanjo na saya bara. Furosesa i5-4590, RAM 16, SSD ɗaya da had-dis ɗaya. Da rana ina ɗan taɓa aikin zane, da daddare in buga ƙwallo ko GTA V, amma hoton sai ka ce ana jan jaki a taɓo. Wani abokina zai sayar min da katin hoto RX 580 mai 8GB a farashi mai sauƙi. Ya ce kawai in soka in kunna. Haka ne, ko sai na canza wani abu?

Baban Gem: Wa'alaikumussalam. Soka ka kunna? Abokin nan naka yana son ganin hayaƙi ne. Ka nemi fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, mai wat 1000 ka huta har abada.

Injiniya: Wat 1000 a kan i5 na 2014? Haba Baban Gem, tirela za a ɗauko don buhun gero ɗaya? Ƙanena, kafin kowa ya ce maka sayi kaza, zare waya daga soket, buɗe murfin gefe, ka karanto mana abin da ke jikin takardar da aka liƙa wa fawa-fak ɗin. Layukan da ke da 12V nake so.

Sabon Shiga: To Oga. Ga abin da na gani: +12VA 14A, +12VB 16A, a ƙasa kuma 290W. Na yi lissafi da kaina, 14 da 16 talatin ke nan, sau 12 ya ba ni 360. Ashe ma ya fi abin da suka rubuta?

Injiniya: Lissafinka daidai, fassararsa ce ba daidai ba. Kowane layi an rubuta iyakar abin da zai iya bayarwa shi kaɗai, amma in an haɗa su ba za su wuce 290 ba. Kamar famfo biyu ne a jikin tanki ɗaya.

Yanzu mu ƙirga masu cin wutar. RX 580 wat 185 yake sha in ya ɗau zafi. Furosesarka 84. Bod (babban faifan da ake soka komai a jikinsa), RAM, fankoki da had-dis, mu ba su 40 don kada mu yi rowa. Mun kai 309 ke nan, mun riga mun tsallake 290. AMD da kansu wat 500 suka ce a nema wa wannan katin.

Wannan ma ba ita ce babbar matsalar ba. Ramin da ake soka katin a bod wat 75 kawai yake bayarwa. Ragowar sai ta waya ta musamman mai fil 8 wadda ke fitowa daga fawa-fak, ita ke ɗaukar har 150. Duba naka da kyau, akwai irin wannan wayar tana lilo?

Sabon Shiga: Babu. Wayoyi biyu ne kacal, duk a bod suka shiga. Ɗaya mai fil 8, ɗaya mai fil 4.

Mai Shago: Wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Akwai adafta da ake jonawa a wayar SATA guda biyu, wato wayoyin da ke ba had-dis wuta, ta fito maka da fil 8. Kuɗinta bai kai na katin waya na sati ba. Ka zo shago in haɗa maka.

Injiniya: Alhaji Mai Shago, da girmanka? Bakin SATA yana da fil uku na 12V, kowanne amfiya ɗaya da rabi. Jimilla amfiya huɗu da rabi, wat 54 ke nan. Biyu sun ba ka 108. Katin kuma zai nemi abin da ya kai haka ko ya fi ta wannan wayar, ba na minti ɗaya ba, na awa uku yana buga gem. Roba ce za ta fara laushi, fil ya saki, wuri ya ƙara zafi, shi ke nan.

A wannan Dell ɗin ma abin ya fi muni, domin wutar SATA ba daga fawa-fak take fitowa kai tsaye ba, ta cikin bod take bi. Wato duk nauyin katin zai ratsa ta 'yan siraran layukan da aka yi don had-dis. In abu ya ƙone, bod ne zai tafi.

Mai Shago: Injiniya kai dai kullum a takarda kake. Ni a kasuwa nake. Na haɗa wa yara da yawa kuma ba su dawo ba.

Ɗan Sola: Wataƙila shi ya sa ba su dawo ba, Alhaji.

Mai Shago: Allah ya shirye ka. To na ji, a bar adafta. Ina da fawa-fak sabo fil a kwali, an rubuta 650W, har da fanka mai fitilu. Kuɗinsa bai kai rabin na masu sunan nan da kuke kira ba. Yaron nan ya ce muku kuɗinsa kaɗan ne, ku kuna ta aika shi inda aljihunsa ba zai kai ba. Ba kowa ne ɗan gwamna ba.

Injiniya: Wannan maganar taka gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Amma taimaka mana, karanto layin 12V na jikin wannan mai 650 ɗin.

Mai Shago: An sa +12V 24A. Sai +5V 30A, +3.3V 28A.

Injiniya: To ka gani. 24 sau 12, wat 288. Bai ma kai na Dell ɗin da yake son cirewa ba. Sauran lambar an cike ta ne da layin 5V da 3.3V, waɗanda kwamfutar zamanin Pentium ke sha sosai, ta yanzu kuwa ɗan kaɗan take taɓawa. Katin hoto da furosesa duk a 12V suke kiwo. Fawa-fak na kirki mai 550, in ka duba za ka ga 12V ɗinsa ya kai amfiya 45 ko kusa, wato kusan duk ƙarfinsa a can yake. Kuma wannan in mun yarda cewa 24 ɗin da suka rubuta gaskiya ne.

Anti Mai Edita: Bari in sa baki, don ni na sha wannan ruwan. Shekaru biyu da suka wuce ina haɗa bidiyon biki, ranar da zan miƙa aiki, kwamfuta ta yi wani ƙara kamar an fasa leda, ɗaki ya cika da warin ƙonanniyar waya. Fawa-fak ne irin mai arahar nan, ba zan kira suna ba. Da shi kaɗai ya mutu da na gode Allah. Ya tafi da had-dis ɗin da aikin mutane ke ciki. Uwar amarya har gida ta zo. Tun daga ranar, in zan sayi kayan kwamfuta, fawa-fak nake fara cire wa kuɗi, ragowar a raba wa sauran.

Wanda ya gyara min ya buɗe shi ya nuna min ciki. Fili fetal, wuraren da aka zana don a sa wasu kayan an bar su babu komai, an ɗinke da guntun waya. In ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara.

Baban Gem: Shi ya sa na ce 1000. Da babu wannan labarin.

Anti Mai Edita: Ƙanena, nawa ma 700 aka rubuta a jikinsa. Rubutu ai ba ya tsada.

Ɗan Sola: Ni fa ina ganin duk kun bar hanya mai sauƙi. Me ya sa dole sai RX 580? Katin 2017 ne, mai shan wuta kamar dutsen guga. Ya nemi GTX 1650 irin wanda ba ya buƙatar waya, wat 75, ramin bod kaɗai ya ishe shi. 75 da 84 da 40, wajen 200 ke nan, fawa-fak ɗin Dell zai ɗauka yana dariya. Ba canji, ba adafta, ba sukurdireba sai na murfi. In kuma kuɗi sun ɗan ƙaru, akwai RTX 3050 mai 6GB da ya fito a 2024, wat 70, shi ma ba waya. A dai lura, wasu 1650 ɗin suna zuwa da ramin fil 6, a duba kafin a biya.

Kuma ku tuna inda muke. Wanda ke kan inbata ko ƙaramin janareta, bambancin wat 110 ba wasa ba ne. Awa huɗu kullum, batir ne zai gaya maka.

Baban Gem: 1650 mai 4GB? RX 580 ya fi shi ƙarfi, kowa ya sani, ga 8GB. Ka ce mutum ya biya kuɗi ya koma baya?

Ɗan Sola: Ya fi shi, ban musa ba. Amma ka haɗa kuɗin katin da na sabon fawa-fak da na adaftar bod, sannan ka zo mu gwada farashi.

Sabon Shiga: Tsaya, wace adaftar bod kuma? Na ɗauka an ce a bar adafta.

Injiniya: Wata ce daban, wannan halal ce. Fawa-fak na gama-gari yana zuwa da babbar waya mai fil 24. Bod ɗinka kuma rami mai fil 8 ne da shi, irin na Dell. Tsofaffin 7010 da 9010 fil 24 ne da su, daga 3020, 7020 da 9020 aka canza. Don haka sai ka sami waya mai mayar da 24 zuwa 8, wadda aka rubuta sunan waɗannan samfuran a jikinta. Kada ka karɓi ta HP ko Lenovo don ta yi kama, tsarin fil ɗinsu daban ne. Ita ba ta ɗaukar nauyin katin, katin zai sha daga wayarsa ta kansa.

Shi akwatin babba yana karɓar fawa-fak na gama-gari, ramukan sukur sun dace. Da siririn ne da ku, da tuni na ce ka bi maganar Ɗan Sola ka nemi gajeren kati mu tashi.

Mai Shago: To ni tambaya nake, tunda yau an mayar da ni ɗalibi. Wannan tambarin 80 Plus da kuke ta nema, nawa ma akwai shi a kwali.

Injiniya: Abu biyu. Na farko, tambari a kwali kowa na iya bugawa, sai an duba sunan samfurin a jerin masu ba da shaidar. Na biyu, ko na gaske ne, ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya. Abin da yake aunawa shi ne nawa ne daga wutar da aka ja a bango ta isa cikin kwamfuta, nawa ta zama zafi. 80 Plus zalla yana nufin kashi 80 cikin ɗari a ƙaramin lodi, matsakaici da cikakke. Bronze ya ɗan ɗara, wajen 85 a rabin lodi. Gold wajen 90. Bai ce komai a kan ko zai kashe kansa in wuta ta yi tsalle ba.

Abin da ya hana irin labarin Anti shi ne kariya. A kwali ko a shafin kamfani za ka ga OVP, OCP, OPP, SCP. Ma'anarsu a dunƙule, in bolt ya haura, ko an ja fiye da ƙima, ko waya ta haɗu, ya ɗauke kansa kafin ya kashe maƙwabta. Sai dai a aikace, kamfanin da ya damu ya kai kayansa gwaji yawanci ya damu da sauran, shi ya sa muke cewa a fara daga Bronze na sunan da aka sani: Corsair, Seasonic, Cooler Master, MSI, be quiet! da ire-irensu. Su ma kowanne yana da na sama da na ƙasa.

Malamin Lissafi: Ina bin ku a hankali tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba, zafi. Yawancin bidiyon da yaranmu ke kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi ake yin su. Mu nan a watan Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40, balle ɗakin kwano da rana ta daka. Ƙarfin da aka rubuta wa fawa-fak a wani zafi aka auna shi. Masu kyau a 40 ko 50, na ƙasa a 30 ko ma 25. In ɗaki ya fi haka zafi, abin da zai iya bayarwa raguwa yake. Ga kuma kafasita, ɗan abin da ke tara wuta a cikin fawa-fak, ƙa'idar da masu lantarki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Sai hunturu ya zo ya cusa masa ƙura a fanka.

Saboda haka ni ba na son a tsaya daidai wa daida. Injiniya ya ƙirga 309. A Turai mai 450 na kirki zai yi. A nan ni 550 zan ce, ya zauna a wajen rabin ƙarfinsa, fanka ba ta ihu, kuma nan ne ma ya fi tattalin wuta.

Baban Gem: Ka ga Malam ya dawo hanyata a hankali. Saura 450 mu ƙarasa.

Malamin Lissafi: Ba zan ƙarasa ba. Mai 1000 na gaske kuɗinsa ya fi na katin da kwamfutar a haɗe. Wanda kuma za ka samu da arha an rubuta 1000, ka koma ka karanta abin da Anti ta rubuta.

Ɗan Sola: Tunda an zo maganar yanayinmu, a duba abin da aka rubuta a wajen shigar wuta. Wani 100–240V ne, wani 200–240V kawai. Mu 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take zuwa wani dare, ƙwan fitila kamar garwashi. Mai faɗin zangon zai jure, ɗayan zai yi ta mutuwa yana tashi. Tsofaffin kuma masu ɗan jan makunni a baya, 115 da 230, kada yaro ya taɓa. In ya koma 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji.

Sai UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Wanda aka rubuta 650VA ba wat 650 ba ne, yawanci bai kai 400 ba. Kwamfuta mai cin 309 a ciki, a bango za ta ja wajen 360, ga allo a kai. Ana ɗauke wuta kana tsakiyar wasa sai ya yi ƙara ya mutu tare da ita. Wasu fawa-fak na zamani kuma ba sa shiri da ƙananan UPS da inbata masu wutar da ba ta da santsi, sai ka ji suna zuuu ko su ɗauke. Da 1650 duk wannan lissafin bai taso ba. Na faɗa na ƙara.

Anti Mai Edita: Kai dai ko kamfanin ne ya ɗauke ka talla.

Ɗan Sola: Anti, batir na saya da kuɗina, shi ya koya min.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, kaina ya ɗan yi nauyi amma na fahimta. Gaskiya zuciyata tana kan RX 580 ɗin, saboda ina da niyyar haɗa sabuwar kwamfuta nan gaba, kuma in na sayi fawa-fak mai kyau zan tafi da shi. Gidanmu ba inbata, sitabilaiza ce kawai. Akwai na gwanjo masu suna da na gani, ya kuke gani?

Injiniya: Dalilinka ya karɓu. Na gwanjo kuwa, ni shi ne abu ɗaya da ba na so a saya na hannu, don ba ka ganin shekarun kafasita daga waje. In dole ce, ka duba shekarar da aka yi shi, ka shinshina, ka tabbatar ba a taɓa ɓalle hatiminsa ba, a gwada shi da kati a gabanka ana buga gem, ba a kunna fanka ta juya a ce maka lafiya lau ba. In irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, to da wayoyinsa na asali. Wayar wani kamfani tana iya shiga ramin daram amma fil ɗin a juye, SSD ya tafi nan take. Kuma kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare shi.

Shi ma katin ka bincike shi. Da yawa daga RX 580 da ke yawo sun yi aikin haƙar kirifto, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗin kirifto, ta daina amfani da katin hoto a Satumban 2022. Wannan ba ya nufin ya lalace, a dai gwada. Sa GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba: na ainihi 2304 zai nuna a wajen da aka rubuta shaders. In ka ga 2048, wanda aka yi wa kasuwar China ne, a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne, sai a rage maka kuɗi.

Mai Shago: To Injiniya, mai 650 ɗin nawa in zubar ke nan?

Injiniya: A'a Alhaji. Kwamfutar ofis mai buga takarda, wadda ba ta cin wat 100, zai riƙe ta. Kada dai a ɗora masa kati.

Shugaban Zaure: An goge saƙonni biyu na talla. Mai sayar da kaya ya bi ta akwatin sirri.

Sabon Shiga: Jama'a na dawo, bayan kwana tara. Na sami 550 Bronze sabo, 12V ɗinsa 45.5A, 100–240V. Adaftar 24 zuwa 8 ce ta ba ni wahala, sai daga Legas aka sako min ita a mota. Na auna tsawon katin kafin in biya, ya shiga, da kyar dai. GPU-Z ya nuna 2048, abokina ya rantse bai sani ba, ya rage min. Matsala ɗaya: wayoyi biyu ne masu fil 8, ɗaya ta ƙi shiga katin, ban dai tilasta ba.

Injiniya: Madalla da ba ka tilasta ba. Wadda ke rabewa 4 da 4 ta furosesa ce, ɓalle ta ka sa rabi a ramin fil 4 na bod. Wadda ke rabewa 6 da 2 ita ce ta katin. Had-dis da SSD kuma ka ba su wuta daga wayar SATA ta sabon fawa-fak, ka cire tsohuwar da ke fitowa daga bod. Tunda 2048 ne ma, wajen wat 150 zai sha, ka ƙara samun sarari.

Sabon Shiga: Ta tashi! GTA na gudu kamar ruwa. Sai dai akwatin ya yi zafi sosai, na cire murfin gefe na jingina masa fankar ɗaki.

Malamin Lissafi: Mayar da murfin kafin ƙura ta yi masa gado. Ka shiga manhajar AMD ka rage masa iyakar wuta da kashi 15 ko 20, ba za ka ga bambanci a wasa ba, zafin zai sauka. Sannan ka sa ƙaramar fanka a gaba.

Baban Gem: Tsohon na Dell ɗin fa, na sayarwa ne? Akwai wata kwamfuta a gidanmu da nata ya mutu.

Ɗan Sola: Mai wat 1000 ne ke neman 290?

Baban Gem: Ta ƙanwata ce.